Zuwa Ga Aminina: Ba A Kayar Da Kai Ba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya.

Wasiƙarka ta iso, kuma jimla ɗaya ce ta tsaya mini a rai: inda ka ɗauko kalmar Turanci ta “defeat” don ka gaya mini tsohon ɗalibinka ya sami digirin da kai ba ka samu ba. Wallahi kalmar ba ta kwanta mini ba, don ba wurinta ba ne.

“Defeat” asalinta Faransanci ce, daga kalmar da ke nufin warware abin da aka ƙulla. Tana cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo cikin Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa masu magana da Faransanci, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Ba a faɗinta sai an ja daga, an kara, ɗaya ya sha ƙasa, kamar yadda Napoleon, sarkin Faransa, ya sha a yaƙin Waterloo a 1815. Har gobe idan ƙaton gwarzo ya faɗi, Turawa kan ce ya gamu da Waterloo ɗinsa. To kai yaushe ka ja daga da yaron nan? Da hannunka fa ka riƙe nasa kana koya masa riƙon alƙalami.

Kalmar da kake nema ita ce “surpass”, wato zarcewa. Wanda ya zarce ka bai taɓa ka ba, kana nan tsaye da ƙafafunka, shi ne dai ya ƙara gaba. Akwai kuma ƴar gaɓar nan “out” da suke liƙawa a goshin aikatau: “outrun” ya fi shi gudu, “outnumber” sun fi su yawa, “outlive” ya fi shi tsawon rai. Wannan ta ƙarshen ta daɗe tana sa ni tunani. Uwar da ta binne ƴaƴanta duka, da wannan kalmar ake bayyana halinta, kuma babu mai cewa nasara ta yi.

“Beat” kuwa doke ce sak, ta duka da ta wasa, kamar a bakinmu. Inda muke tuntuɓe shi ne “win”. Mu “ci” ɗaya ta ishe mu, na ci wasa, na ci shi, shi ya sa za ka ji an ce “I won him”. A Turanci wasa ko kofi ake “win”, abokin karawa kuwa “beat” ɗinsa ake yi.

Don Allah idan za ka rubuta wa yaron, ka sa “you have surpassed me”. Na tabbata zai adana takardar. Ka isar masa da barkata, ka kuma gaida mutan gida.

Naka har kullum,
Amininka