Amsa ga malamin da ya tambaye ni kan ɗan mutum-mutumin tagulla na Dresden

Assalamu alaikum Malam,

Ranar da ake hira da ni a rediyo ka bugo waya ka ce: mutum-mutumin da bai kai kamu ɗaya ba, me zai sa Jamusawa su zuba masa miliyoyin Yuro, alhali ga irinsa a wasu gidajen tarihi? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba.

Gaskiyarka, akwai irinsa. Maƙerinsa, Giambologna, wanda ya yi wa gidan sarautar Medici aiki a birnin Florence na Italiya har mutuwarsa a 1608, da kakin zuma yake fitar da siffa, a yi mata mazubi, a riƙa narka tagulla ana zubawa. Yaran shagonsa irin su Antonio Susini da Pietro Tacca sun ci gaba da zubin bayan ba ransa, wasu ma suka kwaikwaya daga baya. Ka jera guda biyar a kan tebur, masana za su kwana suna gardamar wanne ne maigidan ya taɓa da hannunsa. Takarda ce ke raba su, kamar dai rigimar fili.

Shi wannan, siffar Mars ce, gunkin yaƙi na Romawa, kuma takardarsa ba ta da tsara. A 1587 Giambologna da kansa ya aika wa Christian na ɗaya, mai mulkin yankin Saxony a Jamus, kyauta, a shekarar kuma aka rubuta shi a kundin kayan fada. Shekara 337 yana Dresden, babban birnin Saxony. Bayan an soke sarauta aka raba kaya tsakanin gwamnati da zuriyar Wettin, wato gidan sarautar Saxony, a 1924, ya faɗa rabon zuriyar, suka sayar. Ya bi ta hannun manyan ma'aikatan kamfanonin sinadarai har aka yi wa kamfanin Bayer kyautarsa.

A 2018 Bayer ya kai shi gwanjon Sotheby's a Landan. Jamusawa suka yi ca, aka janye shi, gwamnati da wasu gidauniyoyi suka haɗa kuɗi aka mayar da shi Dresden. A ganina Bayer bai kyauta ba tun farko. Abin da aka ba ka kyauta ba a kai shi kasuwa.

Da salsalarsa ta yanke tsakanin 1933 da 1945, shekarun da 'yan Nazi suka wawashe kayan Yahudawa, da sai an tsaya bincike kafin wani gidan tarihi ya taya.

Na gode da tambayar, Malam. A gaida gida.