Babu mai jinin da ya fi ƙarfin kanjamau a zangonmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Wata magana na yawo a Aboabo da Asawase, wai akwai masu jinin da kanjamau ba ta kamawa, hujjarsu miji na ɗauke da ita shekara da shekaru matarsa lafiya lau. Wannan magana tana hana mutane gwaji, dole mu tanka.

Gaskiya ne akwai irin wannan gado. Ƙwayar HIV tana shiga ƙwayoyin garkuwar jiki ne ta wata ƙofa mai suna CCR5. A 1996 aka gano mutanen da wannan ƙofa tasu ta zo a toshe, saboda sun gaji wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna Delta 32 daga uwa da uba duka. Amma kusan mutum 1 ne cikin 100 a arewacin Turai, kuma a Afirka ta Yamma kusan babu shi sam. Matar nan ba ta kamu ba ne saboda ba kowace saduwa ke sa a kamu ba. Gobe tana iya kamuwa. Kariyarta ita ce mijin ya riƙe magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ko ita ta sha PrEP, maganin kariya daga kamuwa da HIV.

Gadon da ya kamata ya dame mu yana ƙoda. Yawancin masu sauyin ƙwayar halitta ta APOL1, wanda ke shafar ƙoda, 'yan asalin yankinmu ne. Ya kare kakanni daga ciwon barci na ƙudan tsando. Wanda ya gaje shi ta ɓangare biyu, in HIV ta same shi ba magani, ƙodarsa na iya lalacewa cikin watanni. Fitsari ya riƙa kumfa, sau da yawa ko kumburin ƙafa babu, sai a tsinci mutum a layin wankin ƙoda a asibitin Komfo Anokye. Duk mai fara magani ya nemi a duba furotin a fitsarinsa da kiriyatinin a jini (awon aikin ƙoda), a kuma maimaita, domin tenofovir da ke cikin TLD, haɗin maganin HIV, shi ma yakan taɓa ƙoda. A guji diclofenac da haɗe-haɗen gargajiya barkatai.

Sai efavirenz, wani maganin HIV. Hantar 'yan Gana da yawa tana jinkirin narkar da shi saboda gadon sauyin ƙwayar halitta ta CYP2B6, sai ya taru a jini, ya kawo jiri da mugayen mafarkai. Iyalai kan ce aljanu ne. Wanda har yanzu yake shan sa, kada ya ajiye kwalbar. Ya koma asibiti a duba mayar da shi kan wani maganin HIV ɗin, dolutegravir.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Asawase, Kumasi