Abba, ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe

Assalamu alaikum Abba. Ya sanyin can, ya karatu? Mu nan lafiya lau alhamdulillahi. Na ƙi yi maka saƙon murya ne saboda na san halinka, sai ka saurari rabi ka ce netwok ne ya yanke.

Yayarka ta nuna min bidiyon wasan ƙwallon kwando da ka sa a Instagram, wanda ka tashi sama ka doke ƙwallon yaron nan har ta faɗa cikin 'yan kallo, fili ya kaure da ihu kai kuma kana dukan ƙirji. Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na maimaita kallo ni saukarka na tsaya dubawa. A ƙafar hagu kaɗai ka dira, gwiwar ta lanƙwashe ta ciki, ka ɗan yi ɗingishi sannan ka wayance kamar ba komai, kuma wannan ɗaurin da ke gwiwar babu shi a bidiyoyin watan jiya. Ana cikin haka sai ga magana ta shigo gida ta wata hanyar, kar ma ka tambaye ni bakin wa, wai kafin kowane wasa sai ka haɗiyi ƙwayar kashe zafi, wai kuma ka ɓoye wa likitan ƙungiyarku don kar koci ya ajiye ka a benci daidai lokacin da masu neman 'yan wasa ke zuwa kallo. Ummanka tun ranar ba ta yi barcin kirki ba.

Na san abin da ke kanka. Kullum zancenka tsalle, an auna tsallen wane ya kai kaza, naka saura kaɗan, kamar wanda ya fi kowa tashi sama shi ne gwanin tare ƙwallo. To bari in tambaye ka, wa ya fi kowa tare ƙwallo a tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka? Hakeem Olajuwon ne, ɗan Legas, guda 3,830, kuma har yau ba wanda ya kamo shi. Mutumin nan gola ne a ƙwallon ƙafa yana kuma buga ƙwallon hannu kafin ya san kwando, kuma abin da gola ke koya shi ne ya karanta jikin mai bugu ya jira, idan ya riga faɗuwa an ci shi. Je ka nemo wasanninsa na 1994, shekarar da ya ɗauki kofi da ƙungiyar Houston aka kuma ba shi gwarzon ɗan wasa da gwarzon mai tsaron baya duk a kaka ɗaya, ka bar kallon hannunsa ka kalli ƙafafunsa. Taku ƙanana, gefe da gefe, kafin mai ƙwallo ya iso gindin kwando ya tarar da shi a tsaye yana jira. Ƙwallon da ya sace daga hannun mutane ma ta haura 2,000, dogon mutum irin wannan fa. Yana iya tsalle ƙwarai, ban ce ba ya yi ba, amma ba ya tashi sai ƙwallo ta bar hannun mai harbi. Kuma da azumi a bakinsa yake buga wasu wasannin, wannan ma ka riƙe, tunda na ji labarin yadda Ramadan ɗin bara ya kasance a wajenka.

Akwai Mark Eaton na ƙungiyar Utah, makanikin mota ne kafin wani koci ya lallaɓa shi ya shiga wasa, ba gudu ba tsalle, amma a kakar 1984 zuwa 1985 ya tare 456, fiye da biyar da rabi a kowane wasa, kuma ba a karya wannan ba har yanzu. Eh na ji, tsawonsa mita 2.24 ne, kai ba ka kai nan ba, Manute Bol na Sudan ma da ya fi shi tsawo ƙwallon da ya tare ta fi makin da ya ci yawa. Tsawo da dogon hannu baiwar Allah ce ba a saya a kasuwa. Sai dai dogaye nawa aka yi da ba su tsinana komai ba saboda da an yi musu kamar za a harba sai su yi sama, mai ƙwallo ya jira su dawo ƙasa ya shige jikinsu ya samu fawul? A wasan jami'a fawul biyar kawai gareka, ka fita. A bidiyonka na wancan makon sau biyu na ga an yi maka haka, kana sama kana lilo yaron ya zagaye ka ya ajiye ƙwallo cikin ruwan sanyi. Wannan ba ka saka shi a gaban shafinka ba.

Kuma ita wannan ƙwallon da ka doka cikin 'yan kallo, hannun wa ta koma? Hannun abokan karawarku. Bill Russell da ya ci kofi 11 da Boston, a zamanin da ko ƙirga tare ƙwallo ba a fara ba don sai a kakar 1973 zuwa 1974 aka soma, shi ɗan taɓa ta yake da yatsu ya tura wa nasa, kafin ka ankara sun kai ɗaya gefen sun ci. A wurina cikakken ɗan wasa shi ne wanda zai tashi, ya sauka kan ƙafa biyu, ya sake tashi nan take kafin abokin karawarsa ya gama saukowa, ya yi haka a minti na farko ya yi a minti na ƙarshe numfashinsa bai ɗauke ba, sannan gobe ya wayi gari ya sake. Duk wannan da gwiwa ake yinsa Abba.

Ita ce ke hana ni sukuni. Ka san Greg Oden? Shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na 2007, gaban Kevin Durant da ya zama tauraro daga baya, kowa na cewa an samu sabon dodon gindin kwando. Tun kafin ya buga wasansa na farko aka yi masa aiki a gwiwa, daga nan ciwo kan ciwo, wasa 105 kacal ya buga a NBA gaba ɗaya. Shi da manyan likitoci ke zagaye da shi kenan, ballantana kai da kake ɓoye naka kana bin bayan ƙwaya. Ƙwayar nan ba ta gyara komai, zafin kawai take rufewa, kamar direban da fitilar mai ta kama ja a gabansa ya samu salatif ya liƙe ta ya ci gaba da taka mota. Ciwon da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa irin na masu yawan tsalle hutu yake so da atisayen ƙarfafa cinya a hannun wanda ya san aikin. Idan kuwa jijiyar tsakiyar gwiwa ta tsinke a irin wannan saukar taka, tiyata ce, kuma kusan shekara guda ba fili. Wa zai kula da kai a can? Wa zai kama ka zuwa banɗaki? Ka manta yadda kawunka ya ƙare ne, ko sai na tuna maka wanda ya riƙa ɗaukarsa a baya zuwa masallaci?

Wallahi raina ya ɓaci. Ba ciwon ne ya ɓata min rai ba, ɓoyewar ce. Muna waya da kai kullum kana ce min lafiya lau Baba, ashe a bakin waje zan ji. Haka muka yi da kai a tasha? Ka daɗe kana riƙe da ni a zuciya don na hana ka tafiya Legas kafin ka gama sakandare, har yau kuma da za a maimaita hana ka zan yi, don da wace takardar za su ba ka gurbin karatun da kake taƙama da shi yanzu? Filin da aka sayar ba zan yi maganarsa ba, ba don ka biya aka yi ba. Masai Ujiri a Zariya ya tashi yana buga kwando, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba, amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto lokacin da suka ɗauki kofi a 2019. Hanyar ba ɗaya ba ce, ka riƙe karatunka da kyau.

Ni ban ce ka bar wasa ba, ni na fara kai ka fili kana riƙe da gefen rigata, kuma ba wanda ya kai ni son ya ga sunanmu a bayan rigarka. Abin da nake so, gobe da safe kafin atisaye ka je wajen likitan ƙungiyar ka faɗa masa komai, har sunan ƙwayar da yawan da kake sha. In sun ce hutun wata guda ne ka huta, mai nemanka da gaske zai dawo. Ran Juma'a in ka sauko daga masallaci ka kira ni ta bidiyo, ka kwance ɗaurin in ga gwiwar da idona, kuma Ummanka na gefe don haka ka shirya.

Ta ce in gaya maka ta haɗa maka kilishi da yaji, tana jiran mai tafiya. Ƙannenka na gaishe ka, autan ya ce kar ka manta da takalmin da ka yi masa alkawari, lamba 41 yake sawa yanzu. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka lafiya.

Babanka