Ɗiyata kurma ce, kuma tana da suna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in sa baki cikin muhawarar da ake yi a kan sunan da ya dace a kira mutanen da ke da nakasa. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar cikin shekarar 2025, maganar ta wuce hannun masu fassara labarai a gidajen rediyo, domin kalmar da aka tsayar yau ita ce za ta shiga takardun gwamnati da littattafan makaranta gobe. Ban yi karatun harshe ba, amma na fi shekara goma ina renon yarinyar da ake kira da waɗannan kalmomi, saboda haka na san nauyin kowace ɗaya.

A bazarar 2015, lokacin da annobar sanƙarau ta addabi Yamai har aka rufe makarantu, ɗiyata tana da shekara uku. Ta kwanta, Allah ya tashi kafaɗunta, sai dai jinta bai dawo ba. Ƴan kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da na lura ta daina kirana Inna. Na karɓi wannan a matsayin ƙaddara. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda sunanta na yanka ya ɓace a unguwa cikin ƴan watanni, yara da manya suka koma cewa "bebiyar gidan wane", alhali an tara jama'a an yanka rago an raɗa mata suna kamar kowane ɗa.

Da na fara jin ana cewa "masu buƙata ta musamman", na yi murna, na ɗauka an samo mana mafaka. Da wannan lafazi na je rubuta ta a wata makaranta kusa da gida. Shugaban makarantar ya gyaɗa kai, ya karɓe ta da fara'a, aka zaunar da ita a kujerar baya cikin aji mai cunkoso, inda malama ke magana fuskarta na kallon allo. Wata uku tana zuwa tana dawowa da littafi fari fat, kuma ina da rabo a laifin, domin kunya ta hana ni faɗin kalmar da za ta sa a gane matsalar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na ce kurma ce tun farko, da an san cewa tana buƙatar zama a gaba, da ganin bakin mai magana, da malamin da ya iya maganar hannu. Makaho kuwa rubutun Braille yake buƙata, mai ɗigo shida da ake karantawa da yatsa, gurgu yana buƙatar keke da gangara a ƙofar aji maimakon matakala. Idan aka zuba su duka a buhu ɗaya aka rubuta "buƙata ta musamman", mai ofis zai iya gina gangara ɗaya ya ce ya sallami kowa, kurma da makaho suna tsaye a waje.

Ga masu cewa "makaho" da "kurma" zagi ne, ina tunatar da su Suratu Abasa. A can Allah Maɗaukaki ya ambaci Abdullahi ɗan Ummu Maktum da siffarsa, wato makaho, kuma abin da ayoyin suka yi gyara a kansa shi ne juya masa baya. Wannan sahabi ya yi ladanci tare da Bilal, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sha barin shi yana jan salla a Madina idan zai yi tafiya. A Suratul Hujurat kuma, aya ta 11, an hana mu jifan juna da laƙabi. A nawa fahimtar, iyakar tana tsakanin waɗannan wurare biyu: faɗin halin mutum domin a ba shi haƙƙinsa daidai ne, mayar da halin ya zama sunansa kuwa shi ne abin da aka hana.

Kada a ɗauka ina kare kowace tsohuwar kalma. Akwai waɗanda nake fatan su mutu, saboda ƙarya suke ɗauke da ita. "Bebiya" tana nufin wadda ba ta da magana, ɗiyata kuwa tana ba da labari da hannuwanta, tana gardama, tana tsegumi, har takan gyara mini kuskure. Mafi muni ita ce "ɗan ruwa", da ake laƙaba wa yaron da wuyansa bai tsaya ba, ko ya kasa zama da tafiya a kan lokaci. Sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu wajen doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko zazzaɓin da ya haura kai. Da zarar an ce ɗan ruwa ne, an fitar da shi daga cikin ƴan Adam, sai a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, a yi ta yawon gidajen bokaye da shi, a bar motsa jikin da likita zai koya wa uwarsa. Haka farfaɗiya, da ake gudun mai ita wai miyansa yana sa cutar, alhali ba a ɗaukarta daga kowa, kuma akwai maganin da ke tsayar da faɗuwar ga masu yawa. Ko "shan inna" ma, sunan yana jingina ciwon ga aljana, bayan kuwa ƙwayar cuta ce, wadda allurar rigakafi da ɗigon baki suka ci ƙarfinta har aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na asali a 2020.

"Nakasasshe" kuma sai a duba gininta. Sifarta ɗaya da "fasasshe" da "lalatacce", wato abin da ya riga ya gama aiki ɗungurungum. "Mai nakasa" ta fi mini, domin ta bar mutumin a tsaye, ta nuna abu ɗaya da yake tare da shi. "Andikafe" da muka aro daga Faransanci ba ta tsinana komai ba, don na ji yara suna jifan juna da ita a bakin famfo kamar yadda suke jifa da "musaki".

Na san hujjar da za a kawo mini, kuma tana da ƙarfi. Za a ce a kunnen Bahaushe "makaho" da "gurgu" sun riga sun haɗu da ƙoƙon bara, har an yi musu sarautu na sarkin makafi da sarkin guragu, don haka gara a yi sabon suna mai tsabta. Amsata ita ce sabon sunan ma zai ɗauki wannan ƙura cikin ƴan shekaru, muddin yaron yana tashi ba karatu ba sana'a. A nan Yamai akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ da ta makafi ta Soli Abdourahmane, amma uwar da ke wani ƙauye a ƙasar Adar, wadda jiƙo da rubutun sha kaɗai ke kusa da ita, yaya za ta kai ɗanta can? Dokar 1993 ta ware wa masu nakasa kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatu, sai dai wanda bai shiga aji ba ba shi da takardar da zai nemi gurbin da ita.

Akwai kuma tambayar wa ke da ikon yanke hukunci. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta wajabta tuntuɓar su ta hanyar ƙungiyoyinsu a duk abin da ya shafe su. Suna da tarayyar ƙungiyoyinsu ta ƙasa, makafi suna da tasu, kurame ma haka. Mu iyaye, duk da ƙaunarmu, kada mu manta cewa sau da yawa kunyarmu muke rufewa da lallausan lafazi, yaran kuwa ba su aike mu ba.

A gidanmu abin da ya sauya rayuwar yarinyar shi ne ranar da mahaifinta ya ce kowa sai ya koyi maganar hannu, har ƙannenta, har kakarta da ke zuwa daga Tawa. Muna aikenta wurin mai tebur, tana wanke-wanke ranar da layi ya zo kanta, idan ta yi laifi ana yi mata faɗa kamar sauran. Kwanan baya na jera mata kalmomin nan a takarda, na tambaye ta wadda take so. Ta soke "bebiya" da ƙarfi har alƙalami ya huda takardar, ta tambaye ni ma'anar "buƙata ta musamman", ta bar "kurma" yadda take, sannan ta rubuta sunanta a samanta da manyan baƙaƙe.

Roƙona ga wannan jarida shi ne, kafin 3 ga Disamba, ranar masu nakasa ta duniya, a tura wakili tare da tafintan maganar hannu ya yi wa kurame da makafi da guragu wannan tambaya bakinsu da hannunsu, a buga amsar kowane rukuni dabam, kuma a duk labarin da za a rubuta a fara da sunan mutum kafin a ambaci nakasarsa.

Wassalam.

Wata uwa,
daga Yamai