Littafin bashin dattijon Balad

Jidda, Saudiyya

Aminina,

Assalamu alaikum. Yaya Hajiya da yara? Ka gaishe min da Baba, ka ce masa dabinonsa na tafe da masu dawowa daga Umara.

Ka tambaye ni karatu. To, wata mujallar ilimin gudanar da kasuwanci ta dawo min da takardar bincikena bayan ta yi wata bakwai a hannunsu. Ba su ce lissafina ya karkace ba. Cewa suka yi batun na gida ne, ba zai amfani masu karatunsu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ka san a kan wa na yi aikin: dattijon nan Bahaushe mai shago a tsohuwar kasuwar Balad, wanda kakansa ya biyo ta Sudan a ƙafa don aikin Hajji, ya zauna. Shekaru aru-aru yana ba 'yan kasuwar Kano abaya da turare da darduma bashi, ba takarda ba lauya. Littafinsa ɗan ƙarami ne, ɗaure da roba, sunaye duk da ajami. A gabana ya ɗora yatsa kan wani suna ya ce, "Wannan, ubansa ma bai taɓa cin kuɗina ba." Wanda kuwa ya ci amana, kafin jirginsa ya sauka labarinsa ya riga shi Kantin Kwari. In wannan ba gudanarwa ba ce, mene ne sunanta?

Rigimar kan irin binciken da ake ɗauka da daraja a wannan fanni ta girme mu. A 1959 rahotanni biyu da gidauniyoyin Ford da Carnegie suka ɗauki nauyi sun soki makarantun kasuwanci na Amurka cewa ba su da zurfin ilimi, sai aka koma ga alƙaluma da ƙididdiga. An ƙaru, ban musa ba. Amma a 2005 malaman fannin biyu, Warren Bennis da James O'Toole, suka koka a mujallar Harvard Business Review cewa akwai farfesoshin gudanarwa da ba su taɓa shiga kamfani ba sai dai a matsayin masu sayayya. Yanzu ga jerin mujallu 50 na jaridar Financial Times, kowa da shi yake auna kansa, kusan dukkansu kuwa Amurka da Turai suke kallo. Ko tsarin maigida da dillali na Hausawan Sabo a Ibadan, masanin al'adu ne, Abner Cohen, ya rubuta shi a 1969, ba malamin kasuwanci ba.

Na san abin da za ka ce: wasunmu na fakewa da "namu daban ne" su yi aikin ganin dama, su raba takardar tambaya ɗari, su cike rabi da kansu. Gaskiyarka, kuma yana ƙona min rai. Inganci ba abin sassautawa ba ne. Bayan turmutsutsun 2006 a gadar Jamarat, wurin jifan Shaiɗan, inda mutum fiye da 340 suka rasu, masu bincike sun zauna da hotunan bidiyo suna nazarin yadda cunkoso ke komawa halaka, aka sake fasalin gadar da hanyoyin shiga da fita. Irin wannan tsanani nake so a kawo kan littafin dattijon nan.

Don haka ina neman alfarma. Ka samo min mutum biyar ko shida a Kwari masu karɓar kaya daga Jidda, waɗanda za su yarda mu yi hira ta waya bayan Isha'i. Ka faɗa musu ba zan ambaci sunan kowa ba.

Wassalam,
Amininka