A daina yi wa besbol ɗin ɗaliban Amurka na zamanin da kallon wasan yara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a shafinku na wasanni don gyara wata fahimta game da ƙwallon besbol ta kwalejojin Amurka a ƙarni na 19. Duk wanda ya ji cewa kwalejin Amherst ta doke kwalejin Williams da ci 73 da 32, sai ya ɗauka 'yan wasan ba su iya ba ne. Sam, doka ce ta jawo haka.

An yi wasan ne ranar 1 ga Yulin 1859 a garin Pittsfield, bisa dokokin jihar Massachusetts. Mutum 13 ne a kowane ɓangare. Babu layin da ke nuna bugu ya ɓaci, ko'ina ƙwallo ta nufa sai a kwasa da gudu, kuma ana fitar da mai gudu ne ta hanyar jifansa da ƙwallon a jiki. Dokokin New York na mutum tara ne suka yi rinjaye daga baya, amma su kuma da farko sun takura wa mai jifa. Daga ƙasa yake wurga ƙwallo, tazararsa ƙafa 45, kuma har zuwa 1887 mai bugu na da ikon ya ce sama yake so ko ƙasa. To ta yaya maki ba zai yi yawa ba?

Abin da ya sauya wasan shi ne jifa mai lanƙwasa. A 1875 Joseph Mann, mai jifa na kwalejin Princeton, ya yi amfani da shi ya hana kwalejin Yale samun bugu mai kyau ko ɗaya, aka tashi 3 da nema. Sai dai wahalar ta koma kan mai cafkewa da ke bayan mai bugu. A da can baya yake tsayawa, ya jira ƙwallo ta daki ƙasa sau ɗaya sannan ya kama. Idan akwai mai gudu a tasha kuwa, wato ɗaya daga wuraren da mai gudu ke tsayawa kafin ya gama zagaye ya ci maki, dole ya matso dab da sanda, in ba haka ba mai gudun ya sulale zuwa tasha ta gaba kafin ya jefa. Da sanda ta ɗan gogi ƙwallo sai ta sauya hanya ta nufo fuska, ga shi hannu babu safar kirki. Haƙora sun zube, hanci ya karye, yatsu sun murɗe.

Fred Thayer, kyaftin ɗin ƙungiyar jami'ar Harvard, shi ya kawo maganin abin. Ya ɗauki samfurin ragar da masu wasan takobi ke rufe fuska da ita, aka ƙera mai waya mai kauri, da matashi a goshi da haɓa domin ƙarfin duka ya sauka a nan. James Tyng, mai cafkewa na Harvard, shi ya fara sa ta a Afrilun 1877, Thayer kuma ya yi mata rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1878. A ganina wannan ragar ta fi kowane kofi da ɗaliban suka ci muhimmanci.

Wani wurin da marubuta ke tuntuɓe shi ne tazarar jifa. An mayar da ita ƙafa 50 a 1881, sannan ƙafa 60 da inci 6 a 1893, sai a ce an ƙara ƙafa goma. Ƙafa 50 ɗin daga gaban akwatin mai jifa ake auna ta, ita kuwa sabuwar daga inda yake dasa ƙafar baya. Ainihin ƙarin ƙafa 5 ne.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar shafinku na wasanni