Wasiƙa daga Kano a kan 'yan jarida da masu biyansu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso. Ka yi kukan cewa daga can Alƙahira ba ka da hanyar sanin halin da gida yake ciki sai ta waya, kuma duk lokacin da ka buɗe Facebook sai ka tarar da labari biyu masu karo da juna a kan abu ɗaya, har ka ɗora laifin a kan intanet. Ni kuwa a ganina cutar ta girmi intanet, domin tun fil azal wanda ya biya kuɗin takarda da tawada shi ne yake da ta cewa a kan abin da za a buga.

Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 hukumar Turawa ce ta kafa ta, haka kuma New Nigerian ta 1966 gwamnatin Jihar Arewa ce ta haife ta. Iyayenmu sun san da haka, shi ya sa suke haɗawa da sauraron BBC su auna. Sai a 1992 aka yi dokar da ta bai wa 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin, kuma ba ka manta irin murnar da muka yi ba sa'ad da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, talaka ya sami wurin kai kukansa. Amma ta wannan ƙofar ce sojojin baka suka shigo. Ɗan siyasa ya sayi 'yan mintuna a shirin dare, ya tura yaronsa ya yi ta kirari da habaici da gugar zana, gobe na ɗaya ɓangaren ya zo ya rama, mu kuma mu kwana muna tafka muhawara a majalisa a kan wanda ya fi iya baki, ba a kan asibiti ko makaranta ba.

Abin da waya ta yi shi ne ta karya farashin wannan sana'a. Yanzu ba sai an sayi fili a rediyo ba, ya isa a saka wa matashi data a ba shi na cefane, shi ya sa ake kiransu 'yan data. Da safe a turo musu hoto da rubutu ɗaya a zauren WhatsApp, kafin azahar ka ga shi a shafuka barkatai, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Ƙarfin abin ya kai ga a 2018 aka yaɗa cewa Shugaba Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jubril daga Sudan, har sai da shi da bakinsa ya musanta maganar a ƙasar Poland. Ka dubi girman wannan ƙarya, ka kuma tuna masu ilimi nawa ne suka tura ta gaba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin da ɗan jarida na gaskiya ya shiga. Na taɓa halartar wani taron manema labarai inda, bayan an tashi, wakilai suka yi layi a bayan mota wani hadimi yana miƙa musu ambulan da sunan kuɗin mota, cikinsu har da dattijon da na san ya yi watanni bai ga albashi ba. Ban iya zarginsa a raina ba, amma na san washegari ba zai rubuta abin da zai ɓata wa mai ambulan rai ba. Gidan jaridar da ya aike shi ma da tallan gwamnati da saƙonnin taya murna yake numfashi, mu masu karatu kuwa mun saba da samun komai kyauta.

Duk da haka ba na tare da masu cewa a toshe kafafen intanet. Jaridar intanet ce, Daily Nigerian, ta fitar da bidiyon zargin karɓar daloli a kan gwamnan Kano na lokacin a 2018, zargin da ya musanta, kuma ina shakkar a ce gidan da yake jiran tallan gwamnati zai iya wannan kasada. Sannan tarihi ya nuna mana wanda doka take kamawa. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 'yan jarida biyu na Guardian ta ɗaure, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi wajen tsare masu rahoto, alhali ɗan datan da yake yi wa mai mulki aiki yana barcinsa lafiya. Rufe Twitter da aka yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bai rage ƙarya ko ɗaya ba, sai ma ƙananan 'yan kasuwa da suka yi asara.

Shawarata gare ka ita ce, duk labarin da ya zo maka ka fara duba ko akwai sunan wanda ya rubuta, da ko an ji ta bakin wanda ake zargi, ka kuma jira kwana ɗaya kafin ka tura wa wani. In kuma ka sami jaridar da ka yarda da aikinta, ka taimaka mata da kuɗinka komai ƙanƙantarsa, ni ma abin da na fara yi ke nan.

Ina so ka rubuto mini yadda 'yan jaridar Masar suke fama da nasu mahukuntan, domin in kwatanta. Ka gaishe da maiɗakinka da yara, mutanen gida duk suna gaishe ka. Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka a Kano